Fentin da Ya Ƙi Zama

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Injin da kika haɗa mana ya fara ba ni kunya. Ruwan gishirin yana cikin kwanonsa yadda kika ce. In an kunna, shuɗin tartsatsin yana tashi tsakanin ruwan da tsinken ƙarfe, muna bi da allunan roba ta cikinsa. Amma fenti sai ɓanɓarewa yake, masu kaya suna ta dawo mana da aiki.

Ni dai mai fenti nake zargi. Tun ranar da aka kawo injin yake ɓata rai, wai gogewa da sanfefarsa ta fi. Na titsiye shi, ya sunkuyar da kai. Biri ya yi kama da mutum. Na ce ya zauna a gida.

Ki huta lafiya.
Yayanki

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Baba. Ka cika gaggawa! Mutumin da ya goya ni a shagon nan shi ka kora?

Tartsatsin wanke fuskar robar yake yi don fenti ya kama. Ko maiƙon yatsa ne ya taɓa ta bayan haka, aiki ya lalace. Kafin a fesa fenti, ka watsa wa allo ruwa. Inda ya baje, lafiya. Inda ya dunƙule, an taɓa. Kuma tun da mai fentin ya tafi, an daina dawo da aikin?

Allah ya huci zuciyarka.
Autarku

Auta,

Gaisuwa. Ba a daina ba. Na watsa ruwan, sai ga shatin tafin hannu ɓaro-ɓaro a tsakiyar kowane allo. Yanzu duk wanda ya miƙo mini hannu mu gaisa, tafinsa nake kallo. Ko mai fentin ne ya bar wani nasa a cikinmu? Gobe da sassafe zan laɓe bayan kwalaye.

Sai kin ji ni.
Yayanki

Auta,

Ina gaisuwa. Na laɓe, na kuma gani. Baba ne.

Kafin ma'aikata su iso ya shigo da sandarsa, ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yadda yake duba katako lokacin da yake da ido. Kowanne sai ya ce, "Madalla."

Na je gidan mai fenti da kunyata. Ashe ya sani tun farko. Ya ce, "A bakina za a ji an hana mai shago taɓa kayan shagonsa?" Zai dawo, amma da sharaɗin kada Baba ya ji.

Ki aiko da safar hannu mai laushi, ki ce tsarabarki ce. Daga hannuna ba zan iya ba shi ba.

Yayanki