Kwana Ɗaya Tak a Gaɓar Mokpo

Zuwa ga Hye-rin, sanyin idona, farin watan da ke ja min ruwan zuciya ya cika ya janye, furen da ya tsiro a kan dutsen teku bai ji tsoron gishiri ba!

Ina rubuto miki ne a kan gwiwata, cikin ɗan jirgin ruwana, tutar rawaya ta neman izinin shiga tana kaɗawa a samana tun safe. Taku ashirin ne tsakanina da inda kika tsaya ɗazu. Taku ashirin, Hye-rin! Na ratso teku daga Qingdao ta ƙasarmu China zuwa garinku Mokpo, igiyoyi sun sale min tafin hannu, ashe ragowar ruwan da ba ta kai faɗin tsakar gida ba ita ce za ta gagare ni?

Ba ki ji abin da ya faru a cikin jirgin ba, bari in gaya miki. Na yi duk abin da aka ce. Na aiko da sanarwar zuwana, na nufi tashar da aka yarda baƙo ya shiga, ban jefa igiya ga kowa ba. Masu duba lafiya suka wuce, 'yan kwastan suka leƙa har tukunyata. Sai jami'in shige da fice, wani dattijo mai furfura a gira, ya buɗe fasfona ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam Teng, bizarka jiya ta ƙare." Guguwa ta tsare ni kwana tara kafin in taso, iska kuma ta mutu min a tsakiyar teku, ni ina ta lissafin nisan da ya rage zuwa gare ki, ban lissafa ranakun takarda ba. Kada ki riƙe mutumin nan a zuciya. Ya buga waya har sau uku yana nema min hanya, da ta ƙi samuwa ya kasa haɗa ido da ni. Shi ne ya sa aka ba ni ruwan sha, shi ne ya miƙo min ƙunshin abincinki, shi ne kuma zai kawo miki wannan takarda.

Kin tuna ranar da kika ɗinke min filafilan jirgina a Qingdao, lokacin gasar jirage, allura a bakinki, kina dariyar yadda nake karya harshenku? Tun ranar duk iskar da ta cika filafilan nan da sunanki take cika shi. Ya ke kurciyar tsibirai, wane irin ɗinki kika yi da ya haɗa har da ƙirjina?

Abin da ban zata ba shi ne Baba, mahaifinki. Mutumin da ya ce ba zai saurari zancen baƙon da bai zo da ƙafarsa ba, sai ga shi a bayanki yana dogara sanda! Da na gan shi ban san sanda na zube a kan katakon jirgi na kai goshi ƙasa ba, yadda kika koya min a gaida manya, jirgi na tangaɗi da ni. Kin dai ji abin da ya ɗaga murya ya ce: "Kai ɗan China! Ka iya karatun iska, ka kasa karatun kwanan wata?" Duk gaɓar ta fashe da dariya, ke kina share hawaye. Sannan ya ce, "Je ka dawo. Kifin da na shanya maka ba ya ruɓewa." Hye-rin, wata takwas ina tsara kalmomin da zan roƙe shi aurenki da su, ya amsa min ban furta ko ɗaya ba.

An ba ni zuwa cikar ruwa in ɗaga anga in bar gaɓar, ga shi ruwan ya fara hawa. Kada ki tsaya kallon tafiyata, iskar nan ba ta yi wa ƙirjin Baba kyau, ki kai shi gida. Zan koma in sake shiga layi, in sake cike takardunsu ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙorafi ba. In teku ta ƙi ni, zan ɗaure jirgina in hau na fasinja kamar kowa, ba ni da girman kan da ya fi ki.

Naki, jiya da yau da duk ranar da ba a buga wa hatimi ba,

Teng Haiming