Sukudireban da Kika Mayar Min

Zuwa gare ki, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar zuciyata, Sistata ta ɗakin jarirai,

Sallama irin ta mai laifi nake yi miki, wadda ake yi daga bakin ƙofa ba a shiga ba. Yau kwana huɗu rabona da jin muryarki. Kwana huɗu! Na kira, wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Na leƙo ɗakinku da sunan duba na'ura, abokiyar aikinki ta dube ni sheƙeƙe, ta ce duk na'urorinsu lafiya ƙalau suke, sai dai in kaina ne ke buƙatar a kwance a duba. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ko takardar neman hutu sai an taya ni rubutawa.

Ga shi nan a kan teburin aikina, sukudireban nan mai jan mariƙi da kika aiko min a ambulan, da 'yar takardarki mai layi ɗaya: "Tunda mai shi zai zama manaja, ban san wa nake ajiye wa ba." Na karanta har takardar ta yi laushi. Haba masoyiya, da kin wanka min mari, ai da ya fi min sauƙi!

Kin tuna ranar da ya shiga hannunki? Shekara uku ke nan, da hantsi, ana tafka ruwan sama, kwalbar ɗumama jarirai ta ɗauke wuta, ga bakwaini a ciki. Aka kira ni a guje. Na tarar kin ciro shi kin manna a ƙirjinki, kin lulluɓe shi da rigar sanyinki, ɗan mitsitsi kamar ɗan tsako. Ni kuma na kwanta a ƙasa, na dafa bakin sukudireba a jikin injin, na kara mariƙin a kunnena ina sauraron cikinsa. Duk da tashin hankalin da kike ciki sai da kika yi dariya, kika ce yau kin ga likitan ƙarfe. Da fitilar kwalbar ta kawo, ɗumi ya dawo, na ɗago kai muka haɗa ido, sai na tashi na fita ban ko tattara kayana ba. Sau biyar na dawo neman sukudireban, sau biyar kina cewa ba ki gan shi ba, alhali ga jan mariƙinsa yana leƙe daga aljihunki. Tun daga ranar sunana ya ɓace a bakinki, na zama Likitan Ƙarfe.

To bari in faɗa miki abin da na kasa faɗa da baki. Takardu biyu suka zo min daga ƙasar waje, duka na digiri na biyu. Ɗaya ta karatun gudanar da kasuwanci ce, shekara guda. Ɗayar ta ƙwarewa a kan na'urorin asibiti ce, shekara biyu cur, har da zaman koyo a masana'anta. Ranar Alhamis ɗin nan dole in amsa ɗaya, ɗayar ta tafi ke nan.

Yaya ya zaunar da ni a ofishinsa na shigo da kayan asibiti, ya nuna min kujerar da ya tanadar min. "Har yaushe za ka yi ta birgima a ƙarƙashin inji kamar bakanike? Je ka koyo yadda ake juya mutane, ka dawo ka sa kwat." Umma ma ta ce in bi maganar yayana. Wallahi duk wannan bai girgiza ni ba. Abin da ya karya min gwiwa maganar Babanku ce, ranar da na je masa da zancen tafiya. Ya ce min: "Shekara guda zan jira ka, yaro. Ban san nawa suka rage min ba, kuma ina so in ga ɗakinta da idona." Dattijo ya yi gaskiya, da me zan musa masa?

Sai na zaɓi kasuwanci ni kaɗai, ban shawarce ki ba, ina ganin gwaninta na yi. Na ɗauka albishir zan kawo miki. Kin ga wautar namiji! Har na zo da takardar bayanin burina da na aika wa makarantar, na tsaya a barandar ɗakinku ina karanta miki da ƙarfi, ina ta baza manyan kalmomi, jagoranci, hangen nesa, faɗaɗa kasuwa. Kika saurara har ƙarshe kina naɗe bandeji, sannan kika ce: "Wa ya rubuta maka? Ban ji ka a ciki ba ko sau ɗaya." Na ji haushi, na faɗa miki maganar da har yanzu take ci na, wai don ke nake yi amma ba ki da godiya. Takardar kuwa Yaya ne ya rubuta. Ko kalma ɗaya ba tawa ba ce.

Jiya da rana na buɗe ɗakin ajiyarmu, wanda muke kira maƙabarta. Kwalaben jarirai shida ne a jere, an rufe su da leda, kuma kowacce na san ciwonta, na san a allon lantarkinta yake, amma ilimina a nan ya tsaya. Na tuna jariran da kuka haɗa biyu-biyu a kwalba ɗaya a watan jiya, da wanda ba a samar masa wuri ba, da yadda kika fito ranar idanunki jawur. Idan na sa kwat, sababbi zan riƙa sayar muku, su ma su mutu a turo su nan. Na zauna a kan kwali na yi kuka, ni da gemuna.

To ya zan yi, hasken raina? In na ɗauki gajeren karatun, zan dawo in same ki, amma wanda zai dawo ba shi ne kika ɓoye wa sukudireba ba. In na ɗauki dogon, zan dawo ni ɗin da kika sani, amma wa ya ce zan same ki? Wace irin gona ce za ta jira damina biyu ba shuka? Ina tsoro. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, amma ke ina faɗa miki, ina tsoro ƙwarai.

Duk da haka na tsai da magana. Na na'urorin zan amsa. Ranar Laraba zan je gaban Babanku da ƙafata, ba Yaya, ba ɗan rakiya, in durƙusa in roƙe shi ɗayan biyu, ko ya ɗaura mana aure kafin in tafi, ko ya ƙara min shekara. Yana iya ƙi, kuma in ya ƙi ba zan ga laifinsa ba. Amma ba zan taka ƙofarsa ba sai na san kina bayana, don na daina yanke hukunci a kan rayuwarki ba da saninki ba.

Ga sukudirebanki nan cikin ambulan ɗin da ya zo. Idan za ki iya wannan jiran, ki mayar da shi aljihunki, ki bar jan mariƙin ya leƙo. Gobe da safe zan gifta ta tagarku, ba sai kin ce komai ba. Idan kuma ya dawo hannuna karo na biyu, na gane, ba zan ƙara damun ki ba. Zan tafi in koyo gyaran, in dawo in tashi kwalaben nan shida, in turo su ɗakinki, ko da a lokacin matar wani ce za ta sa hannu ta karɓa.

Naki, a kusa ko a nesa, da amsa ko babu, har ranar da tawa fitilar za ta ɗauke,

Likitan Ƙarfe