Idon Mahaucin Bolton

Rochdale,
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga ƙanena Clive,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rhonda da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku zafin Perth da kake ta kuka da shi. Mu nan ruwa ne ba dare ba rana, rabona da shanya a waje tun farkon Oktoba. Gwiwar maigidana Gordon ta yi sauƙi bayan aikin da aka yi masa, har ya koma kallon ƙwallo ranar Asabar, yana dawowa da ɓacin rai kamar yadda ya saba. Gwaggo Beryl ta cika tamanin da takwas, bakinta kuwa yana nan daram. Mama tana nan da rai a gidan kula da tsofaffi. Na ga ya kamata in faɗa maka, tunda a wasiƙarka mai shafi uku layi ɗaya ka ba ta, shi ma can ƙasa bayan ka sa hannu.

Sauran shafukan na karanta su har sau biyu. Na fahimci cewa kafin in mayar wa hukuma makullin gidan hayar Mama, in hau ɗakin ƙarƙashin rufi in sauko da 'yan tsanan kokawarka arba'in da uku, in sa safar hannu kafin in taɓa su, kada in jera su a kan juna, kada gam ya shafi kwalin da aka manne kowannensu a kai da leda, kada rana ta gan su. Ka ja layi biyu a ƙarƙashin Mahaucin Bolton, mai jan kamfai da idon hagu da ke kallon kunnensa. Ka ce wannan karkataccen ido shi ne darajarsa, irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a duniya, masu tara irin kayan suna ta rubuto maka, har ka sa an ƙera masa akwatin gilashi mai fitila. Sannu da ƙoƙari, Clive. Shekara goma sha ɗaya rabonka da ƙasar nan, amma ka tuna wane kwali ne yake da ɗan lanƙwasa a kusurwa.

Inda ka rubuta cewa kana kewar yammacin Asabar ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Baba yana dukan hannun kujera yana zagin alƙalin wasa a talabijin, soyayyen dankali yana turiri a faranti, ƙamshin sabuwar roba ya cika falo. Ni ma ina tunawa. Sai dai ni na soya dankalin, domin Mama tana kwance a ɗakin sama da jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Shekara goma sha huɗu ta yi a masana'antar nan ta bakin gada tana ɗiga wa 'yan kokawarka idanu, ɗaruruwa a yini, da burushi siriri kamar tsinken tsintsiya, tana lasar bakinsa kafin kowane ɗigo har leɓenta ya yi baƙi. Ƙamshin da kake kewa a gashinta yake, ko an wanke ba ya fita. Ina kuma tuna ranar da ka datse min yatsu da aljihun tebur don na taɓa kwali ɗaya, Mama ta zo ta duba kwalin tukuna, sannan ta ce in ba ka haƙuri.

To ga abin da ya faru. Na sauko da akwatunan, kuma wallahi da niyyar aiko maka na sauko da su. A lokacin Mama ta yi mako uku ba ta ce uffan ba, abinci sai an yi da gaske take karɓar cokali biyu, ta zauna tana kallon bango kawai. Siobhan, ma'aikaciyar da ke kula da ita, ta ce in kawo wani abu daga zamanin da take aiki, wai wani lokaci hannu yana tuna abin da kai ya manta. Akwai arba'in da biyu da zan iya ɗauka. Na tsaya a kansu na ɗan lokaci, na ɗauki Mahaucin na jefa a jaka tare da lemu da wankakkun rigunan barcinta, ban kuma sa safar hannu ba.

Da na ɗora mata shi a cinya, ta zuba masa ido. Sai ta ɗaga shi har kusa da hancinta, ta karkata shi wajen taga, ta yi tsaki. Muryar da na yi mako uku ina roƙo ta fito sarai, tana tambayar wane makaho ne ya bar wannan ya wuce. Ta ce aikinta ne, ta san hannunta, na ranar Juma'a ne lokacin da ido ya gama gajiya. Ta ce idan Mista Ogden, mai duba aikinsu, ya gani, a gaban kowa zai ɗaga shi ya kira sunanta. Kunya ce ta rufe ta, Clive. Abin da kake shirin kunna wa fitila, ita abin kunyarta ne na shekara talatin da shida.

Ta fara yagar kwalin da farce, farcen ba ƙarfi, ta sa haƙori. Na ga za ta ji wa dasashinta ciwo, sai na ari almakashi na taya ta. Ka taɓa jin ƙarar da ledar take yi idan ta rabu da kwali? Ba ka taɓa ba, ai ko ɗaya ba ka taɓa buɗewa ba. Wata 'yar ƙara ce kamar an ɓare gyaɗa, kuma na ji daɗinta har cikin raina. Siobhan ta kawo ruwan goge jan farce da fenti daga ɗakin sana'ar hannu, ta ba da burushin kwallinta. Mama ta goge tsohon idon tas, ta lashi burushin, ta dafa gwiwar hannu a tebur. Hannun da ba ya iya kai shayi baki ba tare da ya zubar ba ya tsaya cak. Ɗigo ɗaya ta yi. Yanzu Mahaucin Bolton yana kallon gabansa kamar kowane ɗan tsana, kuma na tabbata masu rubuto maka ba za su ƙara rubutowa ba. Ranar ta cinye kifinta duka, ta nemi ƙarin kunun ƙwai.

Kada ka ɗauka ni na ci riba. Da ta gama, ta juyo ta kira ni Pauline, wata abokiyar aikinta da ta rasu tun tuni. Ta rage murya ta ce in tsare mata ƙofa za ta ɓoye Mahaucin a aljihu, na Clive ne, ɗanta ba zai yi wasa da mai karkataccen ido ba. Na tambaye ta ko tana da wasu 'ya'ya ban da Clive. Ta yi tunani sosai, ta ce a'a, shi kaɗai Allah ya ba ta. Kwana biyar a mako nake zuwa wurin nan, ni ke yanke mata farce, ni ke canza mata zanen gado idan ma'aikata sun yi yawan aiki. Na fita na zauna a mota na yi kukana, na share, na je na sayi burodi.

Saboda haka Mahaucin naka ne, ita ta faɗa da bakinta, ni kuwa ba zan ci maka haƙƙi ba. Yana cikin aljihun rigar sanyinta, da shi take kwana, duk namijin da ya shigo ɗakin sai ta dafe aljihun ta leƙa fuskarsa. Likita ya ce da wuya zuciyarta ta kai ƙarshen hunturu. Kwalin na sa maka a cikin wannan ambulan, za ka ga sawun haƙoranta a gefen dama, sai ka saka a akwatin gilashin. Sauran arba'in da biyun suna gidana, kuma kowace Laraba zan kai mata guda, domin na san babu wanda ba za ta sami abin gyara a jikinsa ba, kuma hakan yana sa ta ci abinci. Ka iya lissafi, ka san abin da kowane mako zai ci maka. Shi kuwa Mahaucin ba zai shiga gidan waya ba. Ka zo ka karɓa daga hannunta, in ba haka ba da shi za a rufe ta.

Ka gaida min Rhonda da kyau, ka gaida Tegan da Lachlan, ka ce musu suna da kaka. Gordon yana gaishe ka. Gwaggo Beryl ta ce in gaishe ka idan har ka tuna ko ita wace ce. Allah ya sada mu da alheri, ya sa ka iso a kan lokaci.

Yayarka,
Lorraine