Shinkafa Ba Kifi Ba Ce

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya baƙunta, ya koyar da manoman can? Mu lafiya lau, sai kewarki.

Gonarki ta hana ni sakat. Kin bar wa tela shinkafa, kin ce kada in sako ruwa sai na leƙa bututun nan mai huji da kika kafa, na ga ruwan ya nutse tsawon tafin hannu. Jiya ƙasa ta tsattsage, maƙwabta suka taru a bakin gona suna yi mini jaje. Na gaya musu maganarki: shinkafa ba kifi ba ce, kuma ruwan da ke kwance a kanta yana fitar da iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Suka ce zaman keken ɗinki ya taɓa mini kai. Hannuna ya kai bakin madatsa sau biyu, na daure.

Auta ta ƙona tukunya, mun ci haka nan. Ki cika alkawari, ki dawo lokacin girbi.

Mijinki,
Tela

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ya aiki? Wasiƙarki ta iso.

Kin yi nasara. Zangarniya ta sunkuyar da kai don nauyi, ruwan da muka rage ya kai gonakin da ke ƙasa da tamu, waɗanda suka daɗe da bushewa. Masu jajen nan yanzu aron bututu suke zuwa yi, ni kuwa har da gyaran murya, sai ka ce da lauje aka haife ni.

Kin ce ana so ki ƙara shekara a wata ƙasa, kin bar mini zaɓi. Ba ki kyauta ba. Na ɗinka miki riga ta tarba, tana rataye a bayan ƙofa, kullum sai na ture ta kafin in shiga ɗaki. Ina kewarki, har surutunki na asuba da nake ƙorafi a kai.

Amma na ga fuskar wata tsohuwa da ruwan ya kai wa gona, na san can ma akwai irinta. Ki zauna. In sun tambaye ki, ki ce mijinki ya yarda. Ke dai kada ki tambaye ni.

Allah ya tsare mini ke.

Mijinki,
Tela