Riga Ta Huɗu

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na gane sun watse. Ba wanda ya faɗa mini. Dogo ne ya shigo shago da hantsi, ya ajiye leda a kan teburin yanka. Na warware, na ga yadi uku ne kacal. Shekara biyar yana kawo mini yadi goma sha biyu, na riga huɗu.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya tsaya kallon fanka kamar yau ya fara ganin ta. Can ya ce, "Umma, tawa kawai za ki ɗinka."

Na ɗauki tef na zagaya bayansa ina awo, alhali awonsa yana kaina. Don kada ya ga fuskata ne. Kuma ba kuka nake ɓoyewa ba. Allah ya yafe mini, wani sanyi na ji ya sauko mini tun daga wuya har gwiwa.

Talata, 2 ga Satumba

Na makara. Rabona da barci irin wannan tun rasuwar ɗana Auta, wata tara ke nan.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yayar Auta ce ta kawo mini littafin nan, wai tunda na ƙi magana in riƙa rubutawa. Rubutun nawa kamar tafiyar kaza, amma wa zai gani.

Su huɗu ne tun suna makaranta. Dogo ke waƙa, sai Mai Ganga, sai Mai Jita, Autana kuma yana kan fiyano, shi ke haɗa musu kiɗan. A ɗakin bayan shagona suka fara, maƙwabcina mai gyaran agogo yana dukan bango da takalmi.

Ranar da aka fara gayyatar su wasa ba wanda ke da rigar kirki. Ina da ragowar yadin labulen wata mata, kore shar mai manyan furanni. Na yanka huɗu iri ɗaya. Mai Ganga ya saka tasa ya duba madubi ya ce, "Umma, in muka jeru ai sai mutane su fara neman taga." Haka suka tafi. Kafin su dawo an sa musu 'Yan Riga Ɗaya, sunan kuma ya zauna.

Bayan shekara biyu ba na shiga motar haya ban ji muryar Dogo ba. Suka zagaya garuruwan da ban san sunansu ba. Duk babban wasa sabuwar riga, kuma ba su taɓa kai wa wani tela ba. Auta yakan ce, "Umma, ke ce ta biyar ɗinmu, keken ɗinki kike kaɗawa."

Lahadi, 7 ga Satumba

Abin da ban gaya wa kowa ba.

Ciwon kwana huɗu Auta ya yi. Sati shida da binne shi Dogo ya zo da yadi goma sha biyu kamar kullum. Ya ce za su rataye ta huɗun a hanga bayan fiyano, a haska mata fitila, mutane su gan shi. Yaran da suka ɗauke shi a kafaɗarsu, ta yaya zan ce musu a'a? Na ɗauka abin da ke riƙe su ke nan.

Riga shida na ɗinka wa wanda ba ya nan. Kafaɗa sha bakwai, hannu ashirin da huɗu. Ba ya son abu ya shaƙe shi, kullum sai na sake masa wuya. Duk shidan na sake wuyan. Duk wadda na gama sai in kwana uku abinci ba ya wuce mini.

Laraba, 10 ga Satumba

Mata biyu sun zo awo da labarin watsewar yaran a waya. Ɗaya ta ce Dogo ne kansa ya kumbura, ɗaya ta rantse Mai Jita ne da matarsa. Suka juyo gare ni, "Ke ai kin san komai." Na ce, "Ɗaga hannu, hajiya, tef ba ya wucewa."

Asabar, 13 ga Satumba

Mai Ganga ya zo kwashe gangunansa. Ya rame. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ƙi tashi.

Ya ce, "Umma, ni na fara fita. Ki yafe mini." Wai wurin zamansa a dandali daidai bayan fiyano yake, rigar tana gaban idonsa tun daga farkon wasa har ƙarshe. In iskar fanka ta taɓa ta sai hannun ya motsa, shi kuma kiɗa ya kuɓuce masa. Sau uku yana roƙon Dogo a daina. Dogo ya ce ba za a daina ba, ɗinkin rigar nan ne ya rage wa Umma, in suka daina kawo yadinsa kamar sun sake binne mata shi ne. Mai Jita ya goyi bayan Dogo, daga baya ya juya. Har ta kai ba sa shiga mota ɗaya.

Sai da na nemi kujera. Na ce, "Ni? Ni ce nake so?"

Na gaya masa komai, har maganar wuyan. Ya saki baki yana kallona. Sai ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya shi. Ya ce, "Wato wata da watanni muna gasa wa juna wuta, kowa yana ganin taimako yake yi."

Na ce, "Sakarkaru uku, ga babbarsu a zaune."

Lahadi, 14 ga Satumba

Sanyin ya tafi. Da na buɗe baki tun ranar farko, da yanzu suna tare? Abin da Auta ya gina, shiruna ne ya rushe shi?

Juma'a, 19 ga Satumba

Dogo ya zo karɓar rigarsa. Ban bari ya zauna ba na tambaye shi kai tsaye.

Ya daɗe yana juya maɓallin rigar. Ya ce, "A'a, Umma. Da ba don rigar nan ba da tuni mun rabu." Wai tun Auta na da rai suke rigima a kan komai, wace waƙa za a fara, wa ya ci lokacin wa. Auta ne in abin ya yi zafi zai danna fiyano da tafin hannu gaba ɗaya, ƙarar ta sa kowa ya yi shiru, sai a yi dariya a ci gaba. Tunda ya tafi ba su haɗa sabuwar waƙa ko ɗaya ba. Tsofaffin suke ta maimaitawa a gaban riga.

Ya ce, "Mun gaji, Umma. Kunyarki ce ta hana mu faɗa."

Na ce ya je, Allah ya ba kowannensu sa'a. Ya saka rigar, ta zauna masa. Da zai fita ya ɗauko wata babbar leda daga mota ya ajiye mini. Na san ko mene ne a ciki.

Talata, 23 ga Satumba

Mai gyaran agogo ya leƙo, wai shirun ya yi masa yawa. Shi da takalminsa.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Jiya na ci abinci har na ƙara. Yayar Auta ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Mai Jita ya aiko da yadi shuɗi, Mai Ganga ya kawo fari, kowa da irin wuyan da yake so. Ina tsakiyar ta Mai Ganga rediyo ya sako waƙarsu ta farko. Kullum kashewa nake yi. Yau hannuna duka biyu suna kan ɗinki, shi ya sa ban kashe ba. Da aka zo wurin da fiyano ke shigowa shi kaɗai na lura ƙafata a kan keke tana bin sa. Ɗinkin ma bai karkace ba.

Rigunan shida suna ƙarƙashin teburin yanka. Ban kwance ledar ba tukuna.