Baba, an ajiye abokanka a tsakar gida

Zuwa ga mahaifina Alhaji Idrisu, Allah Ya jiƙan ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, ina sanar da kai na kammala jami'a, sakamako ya yi kyau. Umma tana lafiya, sai dai ciwon gwiwar nan. Labari mai daɗi ke nan. Sauran kuwa ya hana ni sukuni, kuma ban ga wanda zan faɗa wa ba sai kai.

Juma'ar da ta wuce ƙaninka Baffa Hamza ya shirya mini walima a wata istiraha, gidan shaƙatawar nan, da ya kama haya a unguwar Kurayyat nan Jidda. Shi ne kuma ya yi mini alkawarin aiki a ofishinsa na fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, a unguwar Bagdadiyya. Ka san yadda samun aiki yake ga irina mai iƙama, takardar zaman baƙo, ba ɗan ƙasa ba.

An shimfiɗa abinci wuri biyu. Cikin majalisi, ɗakin baƙi mai sanyi, mu haifaffun Jidda da baƙinsa Larabawa. A tsakar gida kuma, ƙarƙashin rumfa, cikin zafin nan na bayan sallar Juma'a, abokan aikinka na tashar jiragen ruwa, waɗanda suka zo daga Najeriya da Nijar da girmansu. Har da Malam Sani, wanda ya yi maka wanka ranar da ka rasu. Majalisin bai cika ba, Baba. Sai da na leƙa na tabbatar kafin in yi magana, don kada in ɗora wa kowa laifin da bai yi ba.

Da na tambayi Baffa a gefe, wai Larabcinsu bai nuna ba, za su takura. Da na matsa, sai ya fito da ainihin dalilin: kada baƙi su ɗauka duk ɗaya muke. To mu su wane ne? Shi kansa a gabana wani direba ya taɓa kiransa takaruni, wato baƙin haure ɗan Afirka, cikin raini, ya yini bai ci abinci ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, da maganarka ya so ya rufe mini baki. Ka tuna yadda kake ba mu labarin Afirka ta Kudu bayan la'asar, yadda aka ware wa baƙaƙe bencinsu da ƙofarsu, da jagoran nan da ya daɗe a kurkuku? Kullum kana rufewa da cewa, "Ya fito bai rama ba." Ita Baffa ya jawo mini, wai in yi koyi da haƙurin mutumin.

Baba, na karanta tarihin nan a tsanake, kuma rabinsa ka ba mu. Gaskiya ne bai rama ba. Amma kafin yafiyar ya ƙi bin dokar wariya, ya karya ta da gangan, shi ya kai shi kurkuku. Har makami ƙungiyarsu ta ɗauka, abin da ake gardama a kansa har yau, ni ma ban gama yanke hukunci a raina ba. Abin da ban gani ba ko'ina shi ne inda ya zauna a wurin da aka ware ya yi shiru, aka kira wannan haƙuri. Mun ɗauki ƙarshen labarin mun mai da shi abin lallashin yara.

Ban ɗaga murya ba. Na ɗauki farantina na fita na zauna kusa da Malam Sani. Babu wanda ya biyo ni. Shi ma Malam Sani sai raɗa mini yake in koma ciki kada in ɓata lamarina, su sun saba. Wannan kalmar ta fi komai yi mini zafi. Ban tashi ba sai da aka kwashe kwanuka.

Tun ranar Baffa bai ɗaga wayata ba. Umma ta ce in je ranar Lahadi in ba shi haƙuri, shi ke nan, magana ta wuce. Zan je, domin ƙaninka ne kuma ya yi mini hidima. Zan durƙusa in gaishe shi, in nemi afuwa idan ya ji kunya gaban baƙinsa. Amma ba zan ce na zauna inda bai dace ba. In aikin ya tafi, ban san ta inda zan fara ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai.

Na so a ce kana nan, ko da faɗa za ka yi mini. Ina kewar ka, Baba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Allah Ya sassauto da zuciyar Baffa, ni kuma Ya tsare harshena ranar Lahadi, kada tsoro ya sa in faɗi abin da ban yarda da shi ba. Amin.

Ɗanka mai yi maka addu'a kullum,
Usman