Rubutun Alhasan a Ƙarƙashin Farar Ƙasa

Litinin, 12 ga Mayu 2025

Baƙi za su zo daga Damagaram ranar Laraba ta sama, su duba na'urarmu mai sauraren taurarin ɗan'adam, wadda muke auna tafiyar tuddan rairayi da ita. Mushe Fadilu, shugaban projenmu, ya ce a shafe biro, wato ofishinmu, da farar ƙasa. A nan Gure ba a tarbar manyan baƙi da tsohon bango.

Ni na fi kowa murna. Shekara biyu ke nan ina zaune gaban bangon da Alhasan ya cika da rubutu kafin ya yi ritaya na gaje shi: lambobi, kibiyoyi, da baƙar tawada, kamar allon ajin lakol, wato makaranta. Ban taɓa tsayawa na karanta ba. Mutumin da ya yi karatu a Yamai ba ya koyon aiki a jikin bango. Da kaina na ce wa masu shafe su yi wa wurin shafi biyu.

Talata, 13 ga Mayu

Bango fari tas. Tunda komai ya zama sabo, na goge tsohuwar manhaja na sa sabuwa, baƙi su san da mutum a wurin. Manhajar a kwantena take zama, wato rufaffen akwati a cikin ordinater, kwamfutar biro, kuma da layi ɗaya na umarni ake tada shi. Na rubuta layin da ka. Ya tashi. Na buɗe shafin da ke nuna taurarin, sai ya ce ba a iya kaiwa gare shi.

Rezo ne, layin intanet ɗin ya yanke. Gobe zai warware.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba rezo ba ne.

Alhamis, 15 ga Mayu

Abin haushin, kwantenan lafiyarsa lau. Na leƙa bayanan da yake rubutawa a ciki: taurari ashirin da uku yake ji, ɗaya bayan ɗaya. Yana jin sama, ni da ke zaune gabansa ya ƙi yi mini magana.

Na canza kabul. Na kashe na kunna sau bakwai. Na hau rufi da tsakar rana don duba anten, ban samu komai ba sai kashin tantabara, kwano kuma ya ƙone mini tafin hannu. Mushe Fadilu ya tsaya bayana yana ba da shawara a hura bakin kabul ɗin, wai haka yake yi wa talabijin ɗinsa. Na hura. Allah ya gani, na hura.

Da zai fita ya ce in baƙi ba su ga shafin ba, kwashe na'urar za su yi su kai Damagaram, dama sun daɗe suna neman dalili. Bai ƙara da cewa in babu na'ura babu mai kula da ita ba. Ba sai ya faɗa ba. Tsoro nake ji, gaskiya.

Matata Balkisa ta ce in je wurin Alhasan, ga rumfarsa ta gyaran waya nan bakin tasha. Ba ta san ranar da na karɓi aiki na ce a gaban mutane zamanin rubutu a bango ya wuce ba. Ranar nan Alhasan dariya kawai ya yi ya miƙo mini makulli.

Juma'a, 16 ga Mayu

Mun haɗu da Alhasan a ƙofar masallaci. Ya ce yaya taurari. Na ce lafiya lau. A ƙofar masallaci fa.

Litinin, 19 ga Mayu

Inna Zinariya mai sharar biro tana yayyafa ruwa kafin ta yi shara, sai ya fantsama a bango. Ina kallo wani baƙin abu ya fito, rabin lamba takwas. Na miƙe har kujera ta faɗi.

Ko a jikinta. Ta ce, "Ai in ka jiƙa farar ƙasa, abin da ke ƙarƙashi fitowa yake, Malam Aisami. Duk macen da ta taɓa shafe ɗaki ta san haka."

Na jira kowa ya tafi azahar, na ɗauko buta. Matsalar ita ce zafin nan na Mayu: kafin in ajiye buta in ɗauki alƙalami, bangon ya bushe ya koma fari. Ga shafi biyu. Wa ya ce a yi shafi biyu? Buta huɗu na ƙarar. A ta biyar Mushe Fadilu ya shigo ya tarar da ni durƙushe ina wa bango alwala. Ya daɗe yana kallona, sannan a hankali ya tambaya ko ina samun barci kwanakin nan.

Talata, 20 ga Mayu

Na roƙi Inna. Ita tana danna jiƙaƙƙen tsumma, ni ina kwafa. Layin Alhasan daidai yake da nawa, sai guntu ɗaya da na bari: lamba 8080 sau biyu, da ɗigo biyu a tsakani. Wannan guntun ne ke buɗe ƙofar kwantena ta yadda na waje zai ga shafin. Sati guda na rufe abu a ɗaki ba ƙofa, ina zagin rezo.

Inna ta ce akwai saura a ƙasa, ta matsa da tsumma. Ƙaramin rubutu ne: Aisami, in ka sake tada shi kada ka manta ƙofa. Ni ma sau biyu na manta.

Shekara biyu sunana yana bangon nan, daidai inda nake zama.

Shafi ya buɗe, taurari kore shar. Inna ta ce to ba ga shi ba, me kuma ya sa nake goge ido. Na ce farar ƙasa ce ta shiga mini ido.

Laraba, 21 ga Mayu

Baƙi sun kalli shafin minti huɗu. Sun fi daɗewa kan naman rago. Ɗaya ya tambayi dabbaren da ke bango, Mushe Fadilu ya ce yoyon rufi ne. A Mayu, ko ɗigo ba a yi ba. Na'ura dai ta zauna, ni ma haka.

Asabar, 24 ga Mayu

Na bi ta tasha, ba don komai ba. Dabinon da ke hannuna ma dama na saye shi ne kawai. Alhasan ya dubi dabinon, ya dube ni, ya ce, "Ka karanta ke nan." Na ce Baba Alhasan, kibiyoyin nan na gefen hagu fa, na mene ne? Ya ce zai leƙo Litinin. Ganin sabon shafe zai zo yi, ba wani abu ba.

Jiya na rubuta layin a bayan ƙofar biro, na bar fili a ƙasa don sunan wanda zai gaje ni. Ba irin nasa ba ne. Ƙarami ne, kuma da fensir.